ICCEN DA ISKA TA KAYAR DA RIGIMAR ZARTO MAI INJI

Duk wanda ya taɓa yin farkon damina a Maraɗi ya san irin hadarin nan da kan taso daga gabas da la'asar sakaliya, ja wur, ƙura a gaba, ruwa a baya. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, iskar da ke jan gaba ta riga ta gama ɓarnar da za ta yi: ta yaye kwanon rufi, ta kwashe danga, ta tsinke wayar lantarki. Idan gari ya waye kuwa, da wuya a zagaya unguwanni ba a tarar da wani ƙaton dogon yaro kwance ya gitta hanya ba, saiwoyinsa suna duban sama, rassansa sun danne katangar maƙwabci. Iccen da dattawa suka yi shekara talatin suna shan inuwarsa, mai shayi yana kafa teburinsa a gindinsa, cikin dare ɗaya ya koma kaya mai jiran wanda zai kwashe shi.

Ba abin mamaki ba ne a ce dogon yaro ne ya fi yawan faɗuwa a gari, domin shi ne ya fi yawa. Baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya, a ƙarni na 20 ya shigo ƙasashen nan, amma ya zauna har ya zama ɗan gida. A daji yakan kafa saiwa mai zurfi. A cikin gari kuwa, masu gina harsashi da masu haƙa lambatu sukan datse masa saiwoyin gefe ɗaya, gara ta shiga ta inda aka ji masa rauni ta cinye cikinsa, alhali kansa yana nan cike da ganye yana tare iska. Ranar da iska mai ƙarfi ta zo, sai ya tafi gaba ɗaya.

Faɗuwar wani tashin wani. Har yanzu mafi yawan gidajen ƙasar nan da icce suke ɗora tukunya, ko da yake tulun gas ya yawaita a manyan garuruwa tun bayan da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011. Da damina kuma icce yakan yi tsada, saboda masu amalanke sun koma gona, hanyoyin daji sun ɓaci. Saboda haka babban iccen da ya faɗi a ƙofar gida dukiya ce ta girkin watanni, idan an san yadda za a yi da shi. Idan ba a sani ba, yakan ci inji, ya ci kuɗi, wani lokaci ma ya ci ƙafar mutum.

NA WANE NE?

Kafin a ɗora masa ƙarfe, akwai tambayar da ya kamata a fara warwarewa. Iccen da ke cikin gida na maigida ne, babu gardama. Wanda ke bakin babbar hanya, ko filin makaranta, ko kasuwa, da hukumar gari ake magana a kansa. Wanda ke gona kuma yana da nasa hukunci, musamman idan yana cikin itatuwan da doka ta kare, irin su gawo. Dokar daji ta 1974 ta sa ikon irin waɗannan itatuwa a hannun ma'aikatan gandun daji. Dokar 2004 da ta maye gurbinta ta sassauta wa manomi, amma ba ta ce kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Tsintar busasshen icce don girkin gida abu ne da aka bar wa jama'a tun fil azal. Loda shi a mota a kai kasuwa wani abu ne daban, wanda tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin icce na karkara yake bukatar takarda da biyan haraji. Mai hankali yakan tura yaro ya kira ma'aikacin gandun daji ya ga iccen a kwance da saiwoyinsa a tuge, tun ba a taɓa shi ba. Da zarar an datsa shi gunduwa-gunduwa, babu mai iya rantsuwa cewa iska ce ta kayar da shi.

Idan kuma akwai wayar lantarki a cikin rassan, to babu wani aiki sai ma'aikatan lantarki sun zo sun tabbatar an yanke wuta. Ɗanyen icce jiƙaƙƙe yana ɗaukar wuta, kuma wayar da ta kwana shiru a ƙasa tana iya farkawa a duk lokacin da aka maido da wuta unguwar.

GATARI YA SAMU KISHIYA

A da, irin wannan aiki na masu faskare ne. Mutum biyu ko uku su zo da gatura a kafaɗa, a yi jinga, su kwana biyu ko uku suna sara, uwargida tana aiko musu da fura. Yanzu sai a aika a kira mai zarto mai inji, ya zo a kan babur da injinsa ɗaure a baya, da jarkar isansi, wato man fetur, da ɗan yaronsa mai riƙe masa kaya. Abin da gatari zai yi kwana uku a kai, shi yakan gama tsakanin hantsi da azahar, idan injin ya yarda.

Wannan na'ura ba ta daɗe a duniya ba. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, shi ne ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926. A 1927 wani Bajamushen, Emil Lerp, ya fito da mai shan isansi. Na farkon nan nauyi gare su ƙwarai, sai mutum biyu suke riƙe ɗaya. Irin haƙoran da ke kan sarƙar yau kuwa, wani mai sarar itatuwa a Amurka, Joseph Cox, shi ya tsara su a 1947, bayan ya zauna ya lura da yadda wata tsutsa mai cin icce take gutsura da muƙamuƙanta, dama da hagu, dama da hagu. Wanda ya duba sarƙar da kyau zai ga haka haƙoranta suke jere, ɗaya na kallon dama, na bayansa na kallon hagu. Sarƙar tana zagaya wani dogon farantin ƙarfe mai kama da takobi, kuma idan an matsa wuta takan yi gudun da ya kai kimanin mita 20 cikin daƙiƙa ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, an ƙera injin ne don dazuzzukan ƙasashen sanyi, inda ƙasa ke da laima, ɓawon icce kuma ba shi da rairayi. Da ya zo ƙasar ƙura da zafin rana, sai ya tarar da abokan gaban da ba a shirya shi dominsu ba. Galibin abin da ake kira lalacewar inji a nan, idan aka bi diddigi, ba daga injin yake ba. Daga rairayi ne, ko daga man da aka ba shi, ko daga rashin duba yadda iccen yake kwance.

YADDA ICCE YAKE KWANCE

Iccen da ya faɗi bai gama motsi ba. Nauyinsa yana rataye a kan wasu rassa da suka soke ƙasa suka lanƙwashe kamar baka da aka ɗana. Gogaggen mai aiki ba ya ta da inji da isowarsa. Yakan zagaya iccen sau ɗaya ko biyu, ya duba inda ya dogara, ya duba inda zai mirgina idan aka cire masa madogara, ya share wa kansa hanyar gudu, sa'an nan ya sa a kori yara. Korar yara ita ce aiki mafi wuya a ranar, don ƙarar injin kiran su take yi daga unguwa uku.

Daga kai ake farawa, a nufo gindi. Ƙananan rassa na adda ne da gatari, ba sai an ƙona musu isansi ba, kuma a janye su gefe nan take don kada su harɗe ƙafa. Rassan da ke ɗauke da nauyin iccen su ake bari ƙarshe. Idan aka zo kan gangar jikin, a nan ake gane wanda ya iya. Gungumen da ya dogara a kan bakinsa biyu, tsakiyarsa a sarari, samansa a matse yake, ƙasansa a miƙe. Wanda ya dinga yanka shi daga sama har ƙasa, kafin ya kai rabi bakin yankan zai rufe ya cije takobin. Abin da ake yi shi ne a yanka kashi ɗaya cikin uku daga sama, a zare, a ƙarasa daga ƙasa. Reshen da ke maƙale ta gefe ɗaya, ɗaya bakin yana lilo a iska, akasin haka ne: a fara ɗan yanka daga ƙasa, a ƙarasa daga sama. Ƙa'idar guda ce, a fara da gefen da ke matse, a gama da gefen da ke miƙe.

Duk da haka babu mai wannan sana'a da icce bai taɓa cije wa takobi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ci gaba da matsa wuta ana fizga, ana murɗawa. Sakamakon ke nan takobi ya lanƙwashe, sarƙa ta tsinke, ko kuloci ya ƙone yana hayaƙi. A kashe inji tukuna. A fiƙe guntun icce mai tauri kamar bakin gatari, a buga shi cikin bakin yankan har ya buɗe. Ko a sa doguwar sanda mai kauri ƙarƙashin gungumen, mutum biyu su ɗaga. Ko a aro jak na mota. Idan duk ya faskara, a kwance ƙusoshin da ke riƙe takobin, a janye injin gefe, don ko gungumen ya mirgina asarar ta tsaya a kan takobi da sarƙa. Sa'an nan a kira tsohon nan mai gatari da aka bari yana kallo tun safe, ya sara gefen yankan ya fid da kishiyarsa. Ba ya rasa abin faɗi yayin da yake yi.

Akwai wani hatsari da mutane ba su cika tunawa da shi ba. Lokacin da icce ya tuge, yakan ɗago faifan ƙasa da saiwoyi, ya bar rami a bayansa. Nauyin gangar jikin ne ke riƙe da faifan nan a tsaye. Da zarar an raba su, kututturen na iya komawa raminsa da ƙarfi, cikin ƙiftawar ido. Ramin nan kuwa shi ne wurin da yara suka fi son shiga wasa. Kada a yi yankan ƙarshe sai wani babba ya je ya leƙa ya tsaya a wurin.

RAIRAYI DA HAƘORA

Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa, manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin icce ba tare da an danna ba. Idan ta fara fid da gari mai laushi kamar dusa, mai aiki yana dannawa da ƙarfi, bakin yankan yana baƙi yana ƙauri, to ta dakushe. A ƙasar nan hakan ba ya ɗaukar lokaci. Taɓa ƙasa sau ɗaya, na daƙiƙa guda, ya isa ya kashe kaifin haƙoran duka. Ɓawon dogon yaro kuma tsage-tsage ne, kowace tsaga cike da rairayin da iskar hunturu ta shekara da shekaru tana tarawa. Ga kuma ajiyar da mutane suka bari a jikinsa: ƙusar da mai shayi ya rataya fitila, wayar da aka ɗaura don shanya, ƙarfen da mahauci ya kafa, duk icce ya haɗiye su ba a ganinsu. Don haka masu dabara sukan sa a ɓare ɓawon da gatari a daidai inda za a yanka, su tura guntayen rassa ƙarƙashin gungumen don ya tashi daga ƙasa. Wanda ya ƙi tashi, a yanka kashi biyu cikin uku a wurare da dama, a mirgina shi, a ƙarasa ta baya.

Wasa sarƙa ba ya bukatar a je wurin kowa. Ɗan magagari ne mai zagaye, daidai da girman haƙoran, ana riƙe shi a karkace kimanin digiri 30, ana turawa daga ciki zuwa waje, ba a ja da baya. Kowane haƙori a ba shi adadi ɗaya, in uku uku, in huɗu huɗu. Mutum yakan fi iya wasa gefen da ya yi daidai da hannunsa, sai haƙoran gefe ɗaya su fi na ɗayan tsawo. Daga nan yankan ya riƙa karkata kamar lauje, mai shi yana zargin takobi. A gaban kowane haƙori kuma akwai wani ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizonsa, wanda ya kamata ya gaza haƙorin da kamar rabin milimita da ɗan ɗoriya. Wasu sukan goge shi sosai don injin ya ci da sauri. Yakan ci da sauri, gaskiya ne, amma yakan riƙa fizga da tsalle, kuma ba hannun kowa ke iya riƙe shi ba.

Sarƙa ba ta son sako-sako, ba ta son matsi. Kada ta yi tumbi a ƙarƙashin takobi, amma a iya jan ta da hannu ta zagaya. Takan miƙe idan ta yi zafi; wanda ya ƙara ɗaure ta da zafinta ya sassauta kafin ya ajiye, in ba haka ba idan ta huce za ta tsuke ta ja ƙarfen inji. Akwai kuma abin dariya da kan faru da sabon shiga: ya cire sarƙa ya wanke, ya mayar da ita a juye, haƙora suna kallon baya. Inji yana kuka lafiya lau, icce ko gezau.

Sarƙar tana da nata tankin mai na daban, wanda ke ɗigar mata yayin da take gudu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a nuna bakin takobi ga wani farin icce, ba tare da an taɓa ba, a matsa wuta, idan mai na zuwa za a ga siririn layinsa. Da yawa sukan zuba baƙin man da aka juye daga mota saboda kyauta ne a gareji. Araha ba ta ado. Baƙin mai cike yake da garin ƙarfe mai cinye famfon da takobin, ba ya kama sarƙa, kuma yakan fantsama a kan iccen da gobe za a hura a ƙarƙashin tukunyar tuwo, ko a gasa nama a kansa.

IDAN YA ƘI TASHI

Injin zarto ba shi da wurin zuba man inji irin na mota. Mansa a cikin isansi ake gauraya shi, kuma shi kaɗai ke shafe fistin da ke kai da komowa fiye da sau dubu 10 cikin minti ɗaya. Wanda ya ba shi isansi tsura, ko da bisa mantuwa ne, cikin ƴan mintoci fistin zai kama jikin silinda, igiya ta ƙi jawuwa, gyaran kuma ya kusa kuɗin sabo. Manyan kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna sun ƙayyade kashi 1 na mai cikin kashi 50 na isansi, wato mililita 20 a lita ɗaya, mililita 100 a lita 5. Da yawa daga cikin masu araha da ke cika kasuwa kashi 1 cikin 25 aka rubuta a jikinsu, wato ninki biyu. A bi abin da aka rubuta. Man kuma na musamman ne, mai alamar 2T. Wanda ake zuba wa baburan kabu-kabu na yanzu ba shi ba ne. Awo da ido ko da murfin jarka shi ke kashe injuna. Sirinji mai cin mililita 20 daga kantin magani ya raba gardama. A jarka ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tankin inji ba, kuma kada a haɗa fiye da abin da za a ƙone cikin wata ɗaya, don zafin ƙasar nan yakan sa isansi ya tsufa da wuri.

Isansin kwalba na bakin hanya, wanda garuruwan kan iyaka suka saba da shi, babur yakan haƙura da shi, amma hanyoyin mai na kafireton zarto sirara ne kamar kafar allura. Ƙwayar rairayi ɗaya ko ɗigon ruwa ya isa ya toshe su. A tace shi da tsumma mai tsabta kafin a haɗa.

Mafi yawan lokaci idan inji ya ƙi tashi da safe, shaƙewa ya yi da mai. Akwai ɗan maɓallin da ke toshe masa iska lokacin tayarwa. Ƙa'ida ita ce a toshe, a ja igiya har ya yi tari sau ɗaya, sai a buɗe a sake ja. Wanda bai ji tarin ba ya ci gaba da ja a toshe, sau goma, sau ashirin, sai warin isansi ya cika wuri, gumi ya cika riga, masu kallo su fara ba da shawara. Maganinsa a kashe makunni, a kwance buji, a goge shi ya bushe, a ja igiya sau da yawa babu buji don man ya fita, a mayar, a tayar da iska a buɗe. Bujin kansa yana ba da labari: idan bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya, idan baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, idan ya yi fari fat, injin yana ƙona kansa ne, a tsaya. Tazarar bakinsa rabin milimita ce.

Idan kuwa ya tashi amma ba shi da ƙarfi, yana mutuwa da an matsa wuta, a fara duba rariyar iska. Littafin mai inji yakan ba da tazarar wanke ta, amma ba a lissafa da ƙurar Maraɗi ba. A nan aikin kullum ne. Haka nan ramukan da ke jikin silinda don shan iska, dusa da mai sukan liƙe su, injin ya yi zafi ya mutu da tsakar rana ya ƙi tashi. A kai shi inuwa, a share, a buɗe murfin tanki a hankali don tururin ya fita, a ba shi kamar rubu'in sa'a. Abin da bai kamata a fara da shi ba, shi ne abin da kowa ke fara taɓawa, wato ƙananan ƙusoshin nan na kafireto masu alamar L da H. Wanda ya matse H zai ji kukan injin ya yi siriri ya yi daɗi, ya ɗauka ya gyara. Mai ya rage masa, da isansin da man shafawar duka, kuma ƙarshensa fistin ne zai kama. Wannan aikin makanike ne.

HANNU DA ƘAFA

Inji ana sayen wani. Abin da ya fi raunata masu wannan aiki shi ne harbin takobi: idan saman hancinsa ya taɓa wani reshe ko ƙusa yayin da sarƙa ke gudu, sai injin gaba ɗaya ya yi tsalle ya nufo fuska da kafaɗa, da saurin da ya fi ƙarfin hannu. Saboda haka ne aka sa masa birki a gaban hannun hagu, wanda wuyan hannu kan buga ya tsayar da sarƙa. Injin da birkinsa ya karye aka ɗaure da waya bai cancanci a tayar da shi ba. A riƙe da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi, a tsaya gefen layin yankan, kada a ɗaga sama da kafaɗa, kada a hau kan gungume da shi. A ƙasa ake tayarwa, ƙafa tana danne da mariƙin baya, ba a wurga shi a iska ana jan igiya kamar yadda samari ke yi don burgewa ba.

Tufafin aikin ma abin dubawa ne. Babbar riga, da jelar rawani, da silifa, ba su da wuri a nan. Wandon kariya mai zaren da ke shaƙe sarƙa ba kowa ke samunsa ba, amma takalmi sau-ciki mai kauri, da tabarau, da abin toshe kunne ba su fi ƙarfin mai sana'a ba. Ƙarar injin ta haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 ne kunne ke fara cutuwa idan abin ya daɗe. Kurumtar a hankali take zuwa, ba ta kuma komawa. Idan tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga gaɓar, a nufi asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus. Ba a zuba ƙasa, ba a zuba man inji.

DAGA GUNGUME ZUWA MURHU

Idan zarto ya gama, aiki ya dawo hannun gatari, don inji ba ya faskare. Uwargida ce ya kamata a tambaya tsawon da za a datsa. Murhun duwatsu uku yana karɓar dogon icce ana tura shi a hankali. Murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, da aka yaɗa a shekarun 1980 don rage cin icce, gajere yake so. Wanda zai sayar kuma ya datsa mita ɗaya-ɗaya, don a kasuwannin karkara da tarin mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi ake awo. Zaren dogon yaro a murɗe yake, ya fi faskaruwa idan gunduwar gajeriya ce.

Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda aka hura da ɗanyensa hayaƙi kawai yake yi, yana kumfa ta baya, idon mai girki yana hawaye, wani kaso na zafinsa ya tafi wajen busar da kansa. A faskara shi da wuri, a jera a kan duwatsu ko tubali don gara da laima, a rufe samansa kaɗai, a bar gefe iska ta ratsa. Na watan Yuni, in an yi haƙuri da shi, da shigowar hunturu ya zama abin so. Ba kowane icce ne ya cancanci wahalar ba. Marke da aduwa da bagaruwa wuta gare su mai daɗewa. Kirya ta maƙera ce da masassaƙa, kuma tana cin haƙoran sarƙa. Gawo sakayau ne, yakan ci da sauri. Kuka kuwa ko an datsa ta soso ce, ba ta da amfani a murhu. Idan gangar jikin miƙaƙƙiya ce mai lafiya, a kira kafinta ko masassaƙi ya gani kafin a yanka ta gajeru, don abin da zai ba da benci ko turmi ya fi ƙarfin a ƙona shi.

Akwai abin da ke damun ma'aikatan gandun daji game da wannan inji, kuma suna da hujja. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, hukuncin kisa ya sa a kan mai sare gawo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, ƙasar nan ta sha wahala kafin ta maido da itatuwanta: ranar dashe ta 3 ga Agusta tun 1975, babban taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a watan Mayu na 1984, da sassaben zamani da Tony Rinaudo da manoman jahar suka fara tun 1983, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan eka ta Faransa miliyan 5. Gawon da ya yi shekara hamsin yana ba gero taki da ganyensa, zarto yakan kwantar da shi kafin a tafasa shayi. Akwai kuma masu dabarar ɓare wa icce ɓawo zagaye, ko su hura masa wuta a gindi, su dawo baɗi su ce matacce suka tarar. Mai injin da ba ya tambayar yadda icce ya mutu, hannunsa na ciki. Sauƙin abin ɗaya ne: gatari yana iya sata da dare, amma kukan zarto har ƙauyen gaba ake jinsa.

Saura kututture. Yawanci akan bar shi nan ya zama mazaunin awaki, ko a tara masa shara a cinna wuta. Amma idan wasu saiwoyin suna nan cikin ƙasa ba su tsinke ba, dogon yaro yana cikin itatuwan da ke tohowa daga gindi. A daidaita bakin yankan ya ɗan karkata don kada ruwa ya kwanta a kai, a mayar da ƙasa ramin a daddanne, a kewaye da ƙaya. Kafin damina ta fita zai fid da tsiro da yawa. A zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a cire sauran, kamar yadda manoma ke yi a gona. Da yake tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, sukan fi sabon dashe saurin tashi, kuma cikin ƴan shekaru sukan kai a yanki ɗaya a yi dirkar rumfa da shi, a bar sauran su yi inuwa.